Naman ya yi tauri, romon ya yi tsululu: ga inda matsalar take

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Na karanta tambayarki, kince ranar da aka tashi da sanyi kika so kiyi wa mutanen gidanki dahuwar naman sa mai romo mai kauri, irin wadda ake haɗa nama da dankalin turawa da karas a tukunya ɗaya, kika sayo tsoka zalla jawur ba kitse ba jijiya, kika yanka ƙanana kika zuba komai lokaci ɗaya kika cika ruwa, kika buɗe wuta ya yi ta ɓararraka fiye da awa ɗaya, da aka zo ci kuma nama ya yi tauri ya bushe, dankali ya dagargaje, romo tsululu ba gardi, shine kike tambaya ko akwai wani kayan ƙamshi da ya kamata ki ƙara.

Gaskiya ba kayan ƙamshi bane. Ko duk kwalaben da ke kicin ɗinki kika juye a ciki haka zai fito. Matsalar a waje biyu take, irin naman da kika zaɓa da ƙarfin wutar da kika bashi, sauran zan faɗe su amma waɗannan biyun su nake so ki riƙe da kyau.

Mu fara da naman don tun a wajen mahauci aka samu matsala. Tsoka zalla irin ta cinya ko ta gadon baya ita ce mai kyan gani, ita kowa ke nunawa da yatsa, amma ba naman doguwar dahuwa bace. Shi ɗanyen nama kusan kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari ruwa ne, da zarar zafin cikinsa ya haura digiri 60 a ma'aunin Celsius zaruruwan tsokar sun fara takurewa suna matso ruwan nan waje, yanda zafin ke ƙaruwa haka suke ƙara matsewa, kuma ruwan da ya fita ya fita kenan, muddin yana kan wuta wai don naman yana iyo cikin romo bazai sa ya sake sha ba. Shi yasa zaki ga nama tsundum cikin ruwa amma in kin tauna a bushe yake. Wannan kowane nama yana yinsa, mai jijiya da marar jijiya. Bambancin kawai shine mai jijiya yana da abinda zai maye gurbin asarar, tsoka zalla bata da komai.

Fararen layukan nan da kike gani sun ratsa cikin nama, da jijiya, da tantanin da ke raba tsoka da tsoka, mafi yawansu wani sinadari ne da ake kira kolajin. A gajeriyar dahuwa shi ne ke wahalar da haƙori, amma in ya daɗe cikin ruwa mai zafi, daga wajen digiri 70 zuwa sama, a hankali yake narkewa ya koma jelatin, abun nan da ke sa romon ƙashi ya daskare yana rawa in ya kwana a firij. Jelatin ɗin shi ke shiga tsakanin zaruruwan naman ya lulluɓe su kiji nama luguf yana santsi a baki, wanda ya fito cikin ruwa kuma shi ke ba romo jiki da ɗan danƙon nan da ake ji a leɓe. Kinga kenan abu biyun da kike kuka dasu, taurin nama da tsinkewar romo, maganinsu ɗaya ne, kuma shi kika guje wa lokacin saye.

Don haka ki nemi naman gaɓoɓin da suka fi shan wahala a jikin sa, kafaɗa, wuya, ƙwauri, ƙirji, naman haƙarƙari, bindi. Ni kafaɗa na fi so saboda tsoka da kitse da jijiya sun daidaita a cikinta, awa biyu zuwa biyu da rabi ta nuna. Ƙwauri ya fi ta bada romo mai jiki amma sai kin bashi wajen awa uku, bindi kuwa har uku da rabi ko huɗu yana kaiwa kuma ƙashinsa ya fi namansa yawa, shi yasa in zan sa shi gutsure biyu ko uku kawai nake haɗawa da kafaɗa saboda romo. Ki karɓi ƙashi mai ɓargo ɗaya ki jefa a ciki shima. In da hali ki sayi naman a dunƙule ki yanka da kanki, wanda aka riga aka yayyanka aka tara sau da yawa gauraye ne na sassa daban daban, sai wani ya narke wani bai ma san an ɗora tukunya ba. Jijiya ɗaya ce zaki cire ki yar, mai kaurin nan mai ruwan ɗorawa da ake samu a bayan wuya, ita ba kolajin bace, ko kwana zata yi a wuta kamar roba zata fito. Manyan dunƙulen kitse na waje suma ki rage, na cikin tsoka ki barshi.

Yankan kuma manya zaki yi, kowanne kamar santimita 4 zuwa 5. Zaki ga kamar sun yi girma amma nama yana rasa kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyinsa a dahuwa, ƙananan yanka kuma su suka fi saurin bushewa. Kilo ɗaya na nama da rabin kilo na dankali da karas uku ko huɗu da manyan albasa biyu zasu ishi mutum biyar zuwa shida, da wannan ma'aunin zan yi miki lissafin sauran.

Maganar wanke nama bazan yi musu da kowa ba, amma in kin wanke ki tsane shi sosai ki goge da tsumma mai tsabta ko takardar kicin har sai ya bushe, sannan ki barbaɗa gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi ki cuɗanya. Dalilin bushewar shine mataki na gaba wanda kika tsallake gaba ɗaya, wato suya.

Gardin da kika ce babu daga suya yake zuwa. In saman nama ya haɗu da zafi mai ƙarfi, daga wajen digiri 140 zuwa sama, furotin da ɗan sukarin da ke cikinsa suna haɗuwa su haifar da launin ƙasa-ƙasa da ƙamshin nan na gasashen nama, wani masanin kimiyya Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ne ya yi bayanin wannan haɗuwar a 1912, har yau da sunansa ake kiranta. Toh ruwa shi kuma a tukunyar da aka saba baya wuce digiri 100 komai ƙarfin wutarki, kenan naman da aka zuba ɗanye cikin ruwa har abada bazai samu wannan ƙamshin ba, toka-toka zai fito. Haka kuma jiƙaƙƙen nama a cikin mai, sai ruwan jikinsa ya ƙone tukuna kafin suya ta fara.

Ki samu tukunya mai kaurin gindi, wannan ba ado bane, siririyar tukunya tana ƙona waje ɗaya ta bar waje ɗaya. Ki zuba mai babban cokali biyu ko uku ya yi zafi sosai har ya fara ƙyalli, ki jera naman da tazara tsakaninsu, kilo ɗaya a zubi uku ake yinsa ba a zubi ɗaya ba. In kika cika tukunyar zafin zai sauka, naman ya fitar da ruwa ya koma sulala, duk wahalar ta tashi a banza. Kina jerawa ki cire hannunki, minti uku zuwa huɗu kar ki taɓa, zaki ga da farko ya manne, in ya soyu da kansa zai saki tukunya, sannan ki juya. Gefe biyu sun wadatar, ba sai kin bi kowace kusurwa ba, don duk minti ɗayan da ya ƙara a mai yana ƙara bushewa ne. Wasu ma manyan fale-fale suke soyawa sannan su yanka bayan ya ɗan huce, dabara ce mai kyau in kina ƙyuyar juya gutsattsari ɗaya bayan ɗaya. Af, zancen da ake yi wai suya tana toshe naman ruwansa bazai fita ba, ba gaskiya bane, ƙarar da kike ji a cikin mai ma ruwan ne ke fita. Don ɗanɗano ake suya ba don komai ba.

In kin kwashe naman ki duba gindin tukunyar zaki ga ƙanzo mai launin ƙasa ya manne. Kar ki wanke, kar ki canza tukunya, rabin daɗin romonki yana wajen. Abinda zaki lura dashi shine kar ya yi baƙi, in kinga yana neman ƙonewa tsakanin zubi da zubi ki ɗan zuba ruwa ki kankare ki juye a kwanon naman sannan ki ci gaba. Baƙin ƙanzo ɗaci yake kuma ba abinda ke ɓoye shi.

Sai ki rage wuta zuwa matsakaiciya ki zuba albasa da ɗan gishiri kaɗan, ruwan albasar da kansa zai fara ɗaga ƙanzon, ki barta minti takwas zuwa goma tana laushi tana canza launi, in kina da seleri ki yanka sanda biyu ki haɗa. Tafarnuwa ƙwaya huɗu a ƙarshe take shiga, minti ɗaya ya ishe ta don bata jure wuta. Sannan tumatirin gwangwani babban cokali biyu, ki soya shi cikin albasar minti biyu har jansa ya yi duhu, wannan ke kashe ɗanyen tsaminsa. Kar ki wuce cokali biyu, ba miyar tumatir muke yi ba, aikinsa anan ya ƙarfafa ɗanɗanon nama ne saboda yana ɗauke da gulutamet, sinadarin da Kikunae Ikeda na Japan ya gano a 1908 cewa shi ke bada daɗin nan irin na romo. Soya sos babban cokali ɗaya ma aikin da yake yi kenan, ba wanda zai gane kin sa, kawai za a ji romon ya cika baki.

Fulawa babban cokali biyu zaki barbaɗa a kan albasar ki juya minti ɗaya ko biyu don warin ɗanyen gari ya fita. Wasu naman suke tsomawa a fulawa kafin suya, ni bana so, don kafin ki gama zubi na uku fulawar da ta zube a gindin tukunya ta ƙone, kuma fulawar ce ke soyuwa ba naman ba.

Yanzu ruwa. Ki fara da kofi ɗaya ki sa cokalin katako ki kankare gindin tukunyar tas har kiji cokalin yana tafiya sumul, sannan ki maida naman tare da ruwan da ya tsatso a kwano, ki ƙara ruwa daidai inda zai kusa rufe naman, kawunan gutsattsarin suna ɗan leƙowa. A kilo ɗaya bai wuce kashi uku bisa huɗu na lita zuwa lita ɗaya ba. Ke kin cika tukunya ne, ɗanɗanon da ya kamata ya taru a lita ɗaya ya watsu a lita uku, dole ya yi lami. Ki tuna naman da albasar suma zasu fitar da nasu ruwan, kuma ƙara ruwa daga baya abu ne mai sauƙi, rage shi ne aiki. In kina da romon ƙashi da kika dafa a baya shi ya fi ruwa zalla nesa ba kusa ba, in dunƙule zaki sa ɗaya ya isa kuma ki tuna mafi yawansa gishiri ne. Kayan ƙamshi ganyen bay biyu, tayim ƙaramin cokali ɗaya, masoro, shikenan, mai son yaji ya ƙara barkono. Zaki ci karo da girke-girken da ke cewa a zuba jan giya, haka Faransawa ke yin nasu na yankin Burgundi, mutanen Beljiyam kuma da giyar sha'ir, amma babban abinda take kawowa ɗan tsami ne, wanda baya amfani da ita ruwan khal zai yi masa aikin, zan zo kansa. 'Yan Hungari ma nasu gulash ɗin albasa da garin jan tattasai ne ƙashin bayansa. Kowa da kayan haɗinsa amma duk nama mai jijiya ne da wuta kaɗan.

Toh ga abu na biyu, wuta. Da zarar ya fara tafasa ki kwashe kumfar da ta taso in akwai, ki maida wutar can ƙasa, abinda kike nema shine ruwan yana motsi a hankali, ƙwayar tafasa ɗaya biyu tana fitowa nan da can, wajen digiri 85 zuwa 95 kenan in kina da ma'aunin zafi. Ki sa murfi amma ki ɗan gicciye shi ki bar kafa kamar faɗin yatsa, don in kika rufe ruf zafin zai taru ya koma ɓararraka ko da wutar tana ƙasa. Mutane suna ganin kamar in an ƙara wuta za a yi sauri, amma ruwan dai 100 ɗin nan zai tsaya, ɗan saurin da zaki samu bai kai ɓarnar ba, naman zai ƙara matsewa, ruwa ya ƙone kafin jijiya ta narke, dankali ya yi ta karo da nama yana farfashewa, kitsen kuma ya kaɗe cikin romo ya maida shi gurɓatacce mai maiƙo wanda ba a iya yaɗewa. In murhunki baya iya yin ƙasa sosai ki koma kan ƙaramin kai, ko ki sa wani faifan ƙarfe tsakanin wuta da tukunya. Mai oben kuma ta huta, ta sa tukunyar a ciki a digiri 150 da murfi a gicciye, zafi na zuwa ta ko'ina ba kamu ba juyi, kuma ranar sanyi ga ɗumin kicin a kyauta.

Abinda zai baki mamaki shine lokacin da kika sauke, awa ɗaya da wani abu, kusan shine lokacin da nama ya fi tauri a duk tsawon dahuwar, ya riga ya matse ruwansa amma kolajin bai narke ba tukuna. Da yawa anan suke karaya su ce naman tsohon sa ne, alhali awa ɗaya kawai ta rage musu. An ce mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romo, toh kafaɗar sa bata kai dutse ba. Ki riƙa leƙawa duk bayan minti talatin ki ɗan juya daga ƙasa saboda fulawa tana son kamu, in ruwa ya ja da yawa ki ƙara mai zafi kaɗan. Daga awa ɗaya da rabi ki fara gwadawa da cokali mai yatsu, agogo jagora ne kawai, naman ne zai faɗa miki. In cokalin ya shiga da ɗan turjiya kaɗan, lokacin sa kayan lambu ya yi. In ya shige ya fito ba tare da ya ɗago naman ba, ya nuna. Kuma ana iya wuce gona da iri, in kika barshi awa biyar jelatin ɗin duk zai gudu cikin romo naman ya wargaje ya zama busassun zaruruwa, so ake ya riƙe siffarsa a cokali ya rabu a baki.

Dankali da karas minti 40 zuwa 45 na ƙarshe suke shiga, a yanka manya daidai girman naman, ki danna su cikin romon. Kar ki ce minti ashirin ya isa kamar yanda suke yi a ruwa zalla, tsamin tumatir yana jinkirta laushin kayan lambu, ga wutar kuma ƙasa take. In kina da zaɓi ki ɗauki dankalin da ke riƙe jikinsa in ya dahu, mai garin nan da ke fashewa ya fi dacewa da suya. In kina son zaƙin karas ya shiga romo tun farko ki jefa guda ɗaya a dunƙule tare da naman ki cire daga baya. Koren fis minti biyar na ƙarshe.

In kin kashe wuta kar ki zuba nan take, ki barshi minti goma sha biyar zuwa ashirin ya natsu, naman yana ɗan jan romo yayin da yake hucewa, kitse kuma yana tasowa sama. Ki sa ludayi ki yaɗe mafi yawan kitsen, ki bar kaɗan. Wannan ya fi muhimmanci ranar sanyi, saboda kitsen sa sai zafi ya haura digiri 40 yake narkewa, ya fi zafin jikin mutum kenan, shi yasa da kwano ya ɗan huce zaki ji ya daskare miki a ganɗa da leɓe. Don haka ma kafin ki zuba ki ɗauraye kwanukan da ruwan zafi, sanyin kwano kaɗai ya isa ya kashe romo kafin a kai shi gaban mai ci. Ki cire ganyen bay da ƙashin, ɓargon ki bugo shi cikin romo.

Sai ɗanɗanawa, kuma anan ne ake gane wanda ya iya. In kinji kamar akwai abinda ya rage amma kin rasa ko mene ne, ki fara da gishiri kaɗan kaɗan. In gishiri ya ji amma har yanzu yana da nauyi a baki, ruwan khal ko lemon tsami ƙaramin cokali ɗaya zaki zuba ki juya ki sake ɗanɗanawa, bazaki ji tsami ba, sai dai kiji komai ya farka. Ganyen fasili ɗanye a yanka a watsa a sama shima yana taimakawa. In kaurin bai yi miki ba ki murƙushe dankali biyu uku a jikin tukunya ki juya, ko ki buɗe murfi ya ɗan ƙara minti goma, ko ki dama kwanfulawa babban cokali ɗaya da ruwan sanyi ki zuba ya tafasa minti ɗaya, da ruwan sanyi fa, in kika zuba garin kai tsaye gudaji zai yi. Kaurin da ake so shine ya lulluɓe bayan cokali amma har yanzu ana iya shansa, kuma ki sani zai ƙara kauri in ya huce. In gishiri ya yi yawa, jefa ɗanyen dankali baya zuƙe gishiri kamar yanda ake faɗa, romon yake sha da gishirinsa gaba ɗaya, mafita ita ce ƙarin ruwa marar gishiri da ƙarin kayan lambu. In kuma kinji ƙauri, kar ki kuskura ki juya, ki juye na sama a wata tukunyar ki bar na ƙasa. Da biredi ko farar shinkafa ake ci, ko haka nan a kwano da cokali tunda da dankalinsa.

Nasan wataƙila akwai ragowar tsokar nan a firizarki, kar ki zubar kuma kar ki sake bata awa biyu a ruwa. Ki dafa ƙashi da albasa da sauran kayan haɗin su bada romo, ki dafa dankali da karas a ciki, ita kuma tsokar ki yanka ta siri-siri a gicciyen zarenta ki soya da wuta mai ƙarfi minti biyu, ki zuba a romon dab da saukewa. Ba daidai yake da na kafaɗa ba amma zai ciwu da daɗi.

Tukunyar matsi kuma, wato presha kuka, wadda asalinta wani Bafaranshe Denis Papin ya ƙirƙiro a 1679 don narkar da ƙashi, tana kai zafin ruwa wajen digiri 120 shi yasa kolajin ke narkewa cikin minti 30 zuwa 40. Tana aiki, ranar da ba lokaci ina amfani da ita, amma suyar nama da albasa dole sai kinyi su tukuna, ki rage ruwan da kusan kashi ɗaya bisa uku don baya ƙonewa a ciki, ki bar fulawar sai ƙarshe saboda kamu, kuma in lokaci ya cika ki barta ta sauke iskarta da kanta, in kika buɗe bututun nan take romon zai zabura da tafasa naman ya bushe. Bayan kin buɗe sai ki sa dankali da karas ki ƙarasa a buɗe.

Abu ɗaya da bana wasa dashi shine ajiya, kuma lokacin sanyi aka fi sakaci, mutum ya ce ai garin da sanyi bari tukunya ta kwana a kan murhu. Sanyin ɗaki ba sanyin firij bane. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, babbar tukunya mai kaurin romo kuma tana iya shafe awanni a cikin wannan tsakanin don tsakiyarta bata saurin hucewa. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium perfringens da ƙwayayen irinta basa mutuwa a dahuwa, wajen da ta fi so kenan, nama cikin romo mai ɗumi inda ba iska, ita ke kawo murɗawar ciki da gudawa bayan wasu awanni, kuma abincin baya canza wari balle ki gane. Don haka cikin awa biyu da saukewa ki raba ragowar a robobi marasa zurfi ki sa a firij, in kina sauri ki tsoma gindin tukunyar a ruwan sanyi kina juyawa. A firij kwana uku zuwa huɗu yake yi, kuma washegari ya fi daɗi don ɗanɗanon ya gama ratsa naman, kitsen ma ya daskare a sama ki ɗaga shi da cokali a sauƙaƙe. Zaki ga romon ya kama yana rawa, ba lalacewa ya yi ba, jelatin ne, shaidar kin sayi naman da ya dace. Wajen ɗumamawa ki ɗebi iya wanda za a ci, ki ƙara ruwa kaɗan, wuta ƙasa-ƙasa har sai ya tafasa tsakiyarsa ta yi zafi sosai, digiri 75 in kina aunawa. In a firiza zaki ajiye yana kai wata uku lafiya lau, sai dai ki tsame dankalin tukuna don in ya daskare ya narke ruwa-ruwa yake komawa, ranar da zaki ci sai ki dafa sabo ki zuba.